Kada a Biya Bashin Yaƙi da Hissar Riyada

Tun da ƙofofin makarantu suka fara buɗewa a Jazira, akwai wata magana da ke yawo a bakin iyaye da wasu malamai, ana faɗinta kamar hikima. Wai yara sun yi asarar shekaru, saboda haka a ture duk abin da ba ya fitowa a jarrabawa, a cika yini da hisabi da Larabci. Abin da wuƙa ke fara hawa kansa kuwa shi ne hissar riyada, wato darasin motsa jiki. A wani wuri a goge ta daga jadawali, a wani wuri a bar sunanta a takarda alhali malamin hisabi ne ke cin lokacinta. Mu ba mu yarda da wannan ba, kuma muna kira ga Hausawan Rufa'a da ƙauyukanmu na Jazira da Nilu Azraƙ da su ƙi yarda da shi.

Mu fara tuna wane yaro ne ya dawo aji. Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu, 2023. Kafin shekarar ta ƙare, asusun UNICEF ya ƙiyasta cewa yara kimanin miliyan 19 a Sudan ba sa zuwa makaranta. A watan Disamba na wannan shekara Wad Madani ta faɗa hannun dakarun Da'am, Rufa'a ma ba ta tsira ba. A Oktoban 2024 aka yi wa gabashin Jazira ɓarnar da har yau mutanen Tambul da Hilaliyya da Rufa'a ba su gama ƙirga ta ba. Sai 11 ga Janairu, 2025 sojoji suka karɓe Madani. A tsakanin waɗannan ranaku, ɗan shekara bakwai ya koyi kwanciya a ƙarƙashin gado in ya ji ƙara, ya koyi yin shiru in an buga ƙofa. Wani ya yi tafiyar kwanaki a ƙasa, wani ya yi watanni a ajin makarantar da aka mayar masaukin masu gudun hijira. Wannan yaron ne ake so a zaunar a kan benci tun safe har azahar, a ce masa kada ya motsa domin yana da bashin karatu a kansa.

Masu cewa lokaci ya ƙure suna lissafin sa'o'i ne, sun manta da wanda zai zauna a cikinsu. Duk malamin da ya daɗe da alli a hannu ya san cewa bayan hissa uku a jere, jikin yaro ne kawai ke aji. Malaman Musulunci sun riga likitocin zamani faɗin haka. Imam Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya yi wasiyya a bar yaro ya yi wasa bayan ya tashi daga karatu, ya kuma yi gargaɗin cewa hana shi wasa da takura masa da karatu kullum yana kashe masa zuciya, yana dushe masa basira, har ya fara neman hanyar kuɓuta daga karatun ɗungurungum. Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojinta na 2020, ta ce mai shekara 5 zuwa 17 yana bukatar matsakaicin minti 60 a kowace rana na motsin da zai sa numfashinsa ya ɗaga. Wanda ya cire minti arba'in na gudu domin ya ƙara minti arba'in na hisabi bai ci riba ba. Ya ƙara wa tulun da ya cika ruwa ne.

Sannan a sani, yaro ba ya jiran izini kafin ya yi wasa. In makaranta ta hana shi fili, zai nemi nasa. Ina ne nasa a yau? Kangon gidajen da aka yi faɗa a cikinsu, inda masu aikin kwance nakiyoyi ke ta gargaɗin cewa akwai harsasai da bama-baman da ba su fashe ba, waɗanda a idon yaro ƙarfen wasa ne. Ko kuwa tur'a, wadda tun zamanin kakanninmu aka san ruwanta da tsargiya. Ko gaɓar Nilu lokacin da ya cika ya batse. Filin makaranta da aka bincika, aka share, aka tsayar da babba a bakinsa, shi ne wuri mafi aminci da za mu iya ba ɗa a wannan lokaci. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan rigakafin bai kai kuɗin allura ɗaya ba.

Akwai wata hujja da ke fitowa daga cikin gidajenmu, ita ma sai mun dube ta ido da ido. Uba zai ce: ɗana yana noma a hawasha, yana ɗebo ruwa, yana kiwo, wane motsa jiki kuma ya rage masa? Gaskiya ne yaranmu, musamman na kambo, ba malalata ba ne. Amma wahala daban, tarbiyyar jiki daban. Yaron da ya yini a duƙe yana cire ciyawa, ko yarinyar da ta yi sawu biyar da jarka a ka, gaɓa ɗaya suke gajiyarwa, kuma ba su koyi jiran layi ko bin doka ko karɓar kaye ba tare da faɗa ba. Manoman ƙasar Hausa sun fi kowa sanin nauyin fartanya, amma su ne da kaka ta yi suke share dandali su kafa kokawa da dambe. Da aiki yana maye gurbin wasa, da sun kwanta sun huta. Jamhuriyar Nijar ta ɗauki wannan kokawar ta manoma ta mayar da ita gasar ƙasa tun 1975, inda aka fara a Tawa, har yau kuma ana fafatawa a kan takobinta. Mu ma jikokin masu ƙarfin ƙafa ne. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a har gaɓar wannan kogi kusa da Sinnar, wasu dubbai kuma suka biyo hanyar hajji a ƙasa. Abin kunya ne zuriyarsu su tashi ba su san daɗin tsere ba.

Idan aka zo kan 'yan mata, sai murya ta sauya, a jawo addini. To, a jawo shi da gaskiya. Abu Dawuda ya ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, ta wuce shi, daga baya suka sake shi kuma ya wuce ta. An kuma ruwaito kokawarsa da Rukana. Wane ne a cikinmu ya fi shi kishin iyali? Abin da shari'a ta nema shi ne sutura da kamun kai, kuma makarantar 'yan mata mai katanga, da malama mace a tsakiyar fili, ta cika wannan sharaɗi. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ya nuna cewa a cikin 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17, kashi 85 cikin ɗari na mata ba sa samun isasshen motsi, maza kuwa kashi 78. Giɓin nan tun daga firamare yake farawa, ranar da aka ce maza su fita fili, mata su share aji. Kuma a Rufa'a, fiye da ko'ina, bai kamata a ji wannan magana ba. A garin nan ne Shaihu Babikir Badri ya buɗe makarantar 'yan mata ta farko da ɗan ƙasa ya kafa a Sudan, a 1907, a cikin gidansa, da yara 17, tara daga cikinsu nasa ne. An yi masa surutu, ya daure, daga wannan iri kuma Jami'ar Ahfad ta Umdurman ta tsiro. Garin da ya fara ba yarinya alƙalami bai dace ya hana ta igiyar tsalle ba.

Sai batun kuɗi: babu ƙwallo, babu raga, babu malamin riyada, malaman ma albashinsu ya yi ta makalewa. Duk mun sani. Amma nawa ake sayen langa? Yaro ya kama ƙafa ɗaya ta baya, ya yi ta tsalle a kan ɗayar, ya ture abokin karawa har ya saki tasa ko ya faɗi. Da gawayi ko tsinke ake zana gidajen 'yar gala-gala. Gaɗa tafi take bukata da murya. Ƙwallon da ake cusa tsumma a safa ya raini 'yan wasa da yawa a ƙasar nan, ƙasar da ta karɓi baƙuncin gasar Kofin Afirka ta farko a Khartoum a 1957, ta kuma ɗauki kofin a 1970. Lambar Olamfik ta farko da Sudan ta samu, azurfar da Isma'il Ahmad Isma'il ya ci a tseren mita 800 a Beijin a 2008, da ƙafa aka ciyo ta. Hujja ɗaya ce mai nauyi a wannan babi, ita ce yunwa, domin ba a sa mai wofin ciki gudu. Amsarta kuwa ita ce a haɗa fili da faɗur. Jama'ar da ta riƙe takaya tana ciyar da unguwa a tsakiyar yaƙi ba za ta kasa tukunyar ful ko kunu ga 'yan firamare ba.

Mu Hausawan Sudan muna da wani dalili na musamman. Harshenmu yana ja da baya a bakin jikoki, kuma ba a aji ake koyar da shi ba. Abin da ya rage masa shi ne gida da dandali. Kowane wasa yana ɗauke da kalmominsa da kirarinsa da ba'arsa, in ya mutu da su yake tafiya. Bayan haka, ba mu manta da abin da ya faru a Damazin da Rusairis a Yulin 2022 ba, lokacin da maƙwabci ya ɗaga wa maƙwabci makami. Ba mu ce ƙwallo za ta warware rigimar ƙasa da sarauta ba. Amma yaron da ya yi shekara shida yana miƙa wa ɗan Shukriyya ko ɗan Ja'aliyya ƙwallo, suna cin nasara tare, suna shan kashi tare, zai yi wuya a gamsar da shi cewa wancan ba mutum ba ne. Ranar da ɗanmu ya nuna langa, abokinsa zai ce ai wannan ita ce shaddat tasu. In dare ya yi farin wata, shi kuma ya koya masa shilel.

Saboda haka ga abin da muke nema. Hissar riyada ta tsaya a jadawalin kowane aji na shekaru shida na firamare, kuma kada wani darasi ya ci lokacinta. A sa ta da sassafe, bayan tabur, kafin rana ta yi zafi, a ajiye tulun ruwa a inuwa. Kada yaro ya taka wani fili sai masu sanin nakiya sun duba shi, a kuma koya wa kowane ɗalibi cewa ƙarfen da bai sani ba, ba ya taɓawa, babba yake kira. Majalisar iyaye ta kira gayya, abin da maƙwabtanmu ke ce wa nafir, a share fili, a cike ramuka, a dasa dogon yaro a gefe. Inda babu malamin riyada, a nemi tsofaffin 'yan ƙwallo da 'yan kokawa da iyaye mata masu sanin gaɗa su taimaka, a ƙarƙashin idon shugaban makaranta. 'Yan mata su sami lokaci daidai da na maza, yaro mai naƙasa kuma a nema masa rawar da zai taka, kada a bar shi gadin takalma.

Ba alfarma muke roƙo ba. Sashe na 31 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta 1989 ya tabbatar wa yaro haƙƙin hutu da wasa, kuma Sudan ta amince da ita tun 1990. Sai dai takarda ba ta share fili, Babikir Badri ma bai jira baitulmali ba. Duk wanda ke da ɗa ko jika a firamare, ya je ya nemi ganin jadawali a wannan mako. In ya ga hissar riyada, ya tambayi yaron ko an fita. In bai gan ta ba, ya tambayi dalili a gaban majalisar iyaye, da ladabi, kuma kada ya tashi sai an ba shi amsa. Manya ne suka kunna wannan wuta, bai halatta a ci tarar yara ba.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya raya mana zuriya cikin ƙoshin lafiya da imani.