Sharhi: Lesin Ya Fara Daga Inda Yaro Ya Tsaya

Sharhinmu na yau a kan lesin ne, wato darasin da iyaye ke biya a yi wa 'ya'yansu 'yan firamare bayan an tashi daga makaranta.

Abin da ke tura iyaye neman malamin lesin ba ɓoyayye ba ne. Tsarin ilimi na Najeriya ya tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 35, amma a makarantun gwamnati da dama aji kan haura ɗari. Malami na bin manhaja, ita kuwa manhaja ba ta jiran kowa. Yaron da baƙaƙe suka kuɓuce masa a aji ɗaya, haka zai kai aji huɗu yana kwafar allo bai san me ya rubuta ba. To idan malamin lesin ya zo da yamma ya maimaita darasin safe da hadda da bulala, an gudu daga gara ne an faɗa gidan zago. Amfanin lesin shi ne a gano inda yaro ya tsaya, a kama hannunsa daga nan.

Akwai hujja a kan haka. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta fito da salon gwada kowane yaro, a ga ko baƙi yake ganewa, ko kalma, ko jimla, sannan a haɗa shi da waɗanda suke mataki ɗaya, ba tare da duba aji ko shekaru ba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami lambar Nobel a 2019, sun auna salon suka ga yaran da aka bari a baya su suka fi cin moriyarsa. An kawo shi Borno a 2018, sannan Wudil da Dawakin Tofa a jihar Kano a 2019, ana koyarwa da Hausa, da tsinkaye da katin baƙaƙe da wasanni.

Wani uban zai ce bai biya kuɗi don a yi wa ɗansa wasa ba. Sai dai a tuna, yaron nan ya yi boko da safe, ya yi Islamiyya da rana, kansa ya riga ya cika. Kuma wasa ba baƙonmu ba ne wajen koyarwa. Mai dara lissafi yake yi, mai carafke ƙirga take yi, kacici-kacici kuma wasa ƙwaƙwalwa ne. Ma'aunin dai ɗaya ne: bayan wata guda, yaron na iya karanta abin da a da ya gagare shi?

Wasu kuma za su ce lesin na masu hali ne. Gaskiya ne, kuma ba zai ɗauke wa gwamnati nauyin gyara makarantu ba. Amma wannan salo bai buƙatar kayan tsada. Gidaje biyar na iya haɗa kuɗi su ɗauki mai NCE ɗaya, a zaure, da marafan kwalba da ƙwallon dabino.

Saboda haka iyaye, kafin ku biya kuɗin wata, ku tambayi malamin: a ina ɗana ya tsaya, kuma ta yaya za ka ɗaga shi? Idan ya rasa amsa, ku nemi wani.