Moise Katumbi: A binciki aljihunsa, a ƙyale jinin ubansa

Masu bin ƙwallon Afirka ba za su manta shekarar 2009 ba. Kano Pillars ta kai wasan kusa da na ƙarshe a gasar zakarun nahiyar, Heartland ta Owerri ta cire ta, sannan TP Mazembe ta Lubumbashi ta ƙwace kofin a hannun Heartland ɗin. Bayan shekara guda Mazembe ta zama ƙungiyar Afirka ta farko da ta buga wasan ƙarshe na kofin duniya na ƙungiyoyi. Mutumin da ya zuba kuɗinsa a kulob ɗin tun 1997 shi ne Moise Katumbi, attajirin da ya nemi shugabancin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango a 2023 bai samu ba.

Labarinsa nake so mu duba yau, 'yan uwa matasa, domin akwai abin koyo a irin tambayoyin da aka yi masa da waɗanda aka ƙi yi.

An haife shi a 1964. Mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce, mahaifinsa kuma Bayahude ne daga tsibirin Rhodes na Girka. Da cinikin kifi ya fara, ya shiga harkar sufuri, daga baya ya kafa kamfanin da ke yi wa masu haƙar ma'adinai aiki. Bayan faɗuwar Mobutu ya yi shekaru yana zaune a Zambiya yana kasuwanci, sai a 2003 ya koma gida. A 2007 ya zama gwamnan Katanga, lardin da ke ɗauke da tagulla da kobalt, ƙarfen nan da ake sa wa a batirin wayar da kake karanta wannan rubutu da ita.

Shekara takwas yana gwamna a jam'iyyar Shugaba Joseph Kabila, babu wanda ya damu da garin da ubansa ya fito. Da ya fice daga jam'iyyar a 2015 ya nuna yana son kujerar, sai lissafi ya canza. A 2016 kotu ta yanke masa ɗaurin shekara uku kan rigimar wani gida, alhali yana ƙasar waje. A watan Agustan 2018 ya zo iyakar Zambiya zai shiga ya yi rajistar takara, bai samu wucewa ba. Sai bayan Kabila ya sauka aka soke hukuncin, ya dawo Lubumbashi a watan Mayun 2019.

To, da aka rasa shari'a sai aka koma kan jini. Tsarin mulkin Kwango na 2006 ya ce ba a haɗa zama ɗan ƙasar da na wata ƙasa, aka kuma yi ta zargin cewa ya taɓa riƙe takardun Italiya. A 2021 wani ɗan siyasa, Noel Tshiani, ya fito da shawarar doka cewa sai wanda uwa da ubansa duka 'yan Kwango ne zai yi shugabanci. Shi kansa Tshiani ya daɗe a Amurka yana aiki a Bankin Duniya, ka ji fa! Kowa ya san wanda aka ɗinka wa rigar. Dokar ba ta wuce ba, kotun tsarin mulki ma ta bar Katumbi ya tsaya, amma maganar "ɗan takarar ƙasashen waje" ta mamaye kamfen har ranar zaɓe, 20 ga Disamba 2023. Hukumar zaɓe ta ba Felix Tshisekedi kusan kashi 73, Katumbi kusan kashi 18, shi kuma ya ƙi amincewa da sakamakon.

Ra'ayina shi ne an bar jaki an koma dukan taiki. Akwai tambayoyi masu nauyi da ya kamata attajirin nan ya amsa. Mutumin da ya yi arziki a harkar ma'adinai ya zama gwamnan lardin ma'adinai: ina aka ja layi tsakanin aljihunsa da baitulmali? Magoya bayansa na nuna hanyoyi da makarantu, to talakan da ke tonon kobalt da hannu a Kolwezi me ya canza a rayuwarsa? Ya mara wa Kabila baya a zaɓen 2011 mai cike da ƙorafi, yaushe ya gane mulkin ba daidai yake tafiya ba, kafin ya fara son kujerar ko bayan nan? Waɗannan tambayoyi suna da amsa a takardun kasafi da na kwangila. Tambayar "waye ubanka?" kuwa ba ta gyara asibiti ko ɗaya.

Wani zai ce ai ƙasa na da haƙƙin tabbatar da biyayyar shugabanta, balle Kwango da maƙwabta suka sha shiga gabashinta da makami. Wannan tsoro gaskiya ne, ban raina shi ba. Dokar da ta ce ka ajiye fasfon wata ƙasa kafin ka tsaya takara tana da ma'ana, domin abu ne da mutum zai iya yi. Amma babu wanda ya zaɓi mahaifinsa. Mobutu ɗan ƙasa ne gaba da baya, kuma shekara 32 ya yi yana tatsar ta.

Afirka ta riga ta ga inda wannan hanya ke kaiwa. A Zambiya an gyara tsarin mulki a 1996 aka hana Kenneth Kaunda takara saboda iyayensa daga Malawi suka zo, mutumin da ya shugabanci ƙasar shekara 27. A Kodebuwa an hana Alassane Ouattara tsayawa a 2000 kan zargin asalinsa Burkina Faso ne, bayan shekara biyu ƙasar ta rabu gida biyu da yaƙi.

Abin mamaki, a wannan zaɓe na 2023 ne Kwango ta fara barin 'yan ƙasarta da ke zaune a Faransa, Beljiyam, Amurka, Kanada da Afirka ta Kudu su kaɗa ƙuri'a. Ana son kuɗin da na waje ke aikowa, ana son ƙuri'arsu, amma da ɗaya ya ce zai tsaya sai a tuna baƙo ne.

Mu da ke kwana a Facebook da TikTok, mu ne kasuwar irin wannan farfaganda, domin hoton fasfo na bogi ya fi rahoton kasafin kuɗi saurin yaɗuwa. Ba na cewa Katumbi waliyyi ne, ba kuma na cewa duk mai kuɗin da ya dawo daga waje mai ceto ne. Wanda ya iya tafiyar da kamfani ba lallai ya iya haƙuri da majalisa da 'yan jarida ba. Amma idan gobe aka turo maka saƙo cewa ɗan takara kaza ba ɗan ƙasa ba ne, kafin ka tura wa wani, tambayi kanka: wace tambaya ce ake so in manta?