Kafin a ce bututu jabu ne, a auna girgizarsa da waya

Duk manomin rani a Lahodu da sauran ƙauyukan Wurno ya san wannan takaici: bututun da ke jawo ruwa zuwa injin ban ruwa ya tsage daga mahaɗa, shinkafa ko albasa na jiran ruwa, nan take a yanke hukunci cewa kayan jabu ne. Wani lokaci haka ne. Amma idan bututun a saƙale yake cikin ruwa mai gudu, akwai wani mai laifin da ba a cika tuhuma ba, kuma shi ne ke cinye wa kamfanonin mai kuɗi masu yawa a teku.

Idan ruwa ya ratsa gefen abu mai siffar gora, yakan yi juyi a bayansa, sau ɗaya ta dama, sau ɗaya ta hagu. Kowane juyi na fizgar bututun zuwa ɓangarensa, sai ya shiga rawa. Lissafin na da sauƙi: a ninka saurin ruwa da 0.2, a raba da kaurin bututu. Bututu mai inci 3 cikin ruwan da ke gudun rabin mita a daƙiƙa zai kaɗa fiye da sau 100,000 a yini guda. Ko waya ce aka yi ta lanƙwasawa gaba da baya, ai a ƙarshe karyewa take yi.

A filin mai na Bonga, kimanin kilomita 120 daga gaɓar tekun Najeriya, inda Shell ya fara haƙo mai a 2005, bututan da ke ɗauko mai daga ƙasan teku zuwa jirgi suna rataye ne cikin ruwa mai zurfin sama da mita 1,000. Irinsu idan suka tsage, malalar mai ce da asarar kifi. Maganin da aka fi amfani da shi a duniya kuwa ba wata na'ura ba ce. Ƙaro uku ne ake naɗa wa bututun a murɗe kamar tufkar igiya, su wargaza juyin ruwan don kada ya haɗa kai. Masanin Ingila Christopher Scruton da abokin aikinsa ne suka fito da dabarar a 1957, don dogayen bututan hayaƙin masana'antu da iska ke kaɗawa. Illarta ita ce tana ƙara wa bututun nauyin turin ruwa.

Tunda haka ne, babu dalilin da wannan ilimi zai tsaya a teku. Madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, tana sakin ruwa cikin gulbin Rima, kuma duk lokacin da aka saki saurin ruwan na sauyawa. Bututun da ke kwance lafiya jiya yana iya fara rawa yau.

Wayar da ke aljihun matashi na da na'urar jin motsi, wadda ke juya hoto idan an karkata waya. Manhajar phyphox, ta jami'ar Aachen da ke Jamus, kyauta ce, kuma tana nuna sau nawa abu ke kaɗawa a daƙiƙa. A sa wayar cikin leda, a ɗaure ta a sashen bututun da ke saman ruwa. Sai dai a kashe inji tukuna, in ba haka ba karkarwar injin za a auna. Idan girgizar na nan, a kafa turke a tsakiya don rage tsawon da ke lilo, sannan a sake aunawa a ga bambanci.

Za a ce tiyon roba bai kai a yi masa wannan wahala ba, tunda ana samunsa a kasuwa. Wanda ya taɓa rasa ban ruwan kwana biyu a zafin Maris ba zai faɗi haka ba. Ya kamata sassan injiniya na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Umaru Ali Shinkafi su riƙa tura ɗalibai bakin Rima da wannan aiki, maimakon rahoton kammala karatu da ake kwafowa daga intanet.