Kafin a ɗora wani bene, a gyara wanda muke ciki

Muna neman izinin malamanmu da iyayenmu mu yi wata magana. Mu ɗaliban ajin ƙarshe ne, kuma mun daɗe muna yin ta a tsakaninmu idan an tashi daga karatu. Bana muka ce gara a rubuta ta a nan inda kowa zai gani.

A wajen walimar sauka ta bara an tara gudummawa don ɗora wani bene a kan ginin makarantarmu. An yi kabbara, mu ma mun yi murna, domin cunkoso ya yi yawa. Amma a ranar, ƙasan matakalar da manyan baƙi suka hau, akwai tsagewa wadda yaro zai iya sa yatsansa a ciki. An dai rufe ta da labule. Har yau tana nan, ta ƙara tsawo ma.

Mu a Zango muna son sabon gini. Wanda ya je Kanda ya ga Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 2021 zai ji daɗi a ransa, babu laifi a cikin haka. Inda muke da rauni shi ne gyara. Idan aka ce za a aza harsashi, alhazai za su ba da bulo da buhunan siminti. Idan aka ce kwano yana yoyo, ko wayar wuta ta zube, sai kowa ya ce Allah ya kiyaye, a wuce. Kamar dai sadakar da za a rubuta sunan mutum a bango ta fi wadda za ta hana silin faɗo wa yaro a ka.

Wani magini a unguwarmu ya yi mana bayanin da bai kamata ya tsaya a kunnenmu kaɗai ba. Ya ce dakin siminti ba dutse ba ne, rodi ne a cikinsa yake riƙe shi. Idan ruwa yana kwanciya a saman dakin, yakan bi ƙananan tsaga ya kai ga rodin. Rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura, ta ture simintin daga ciki. Shi ya sa za ka ga ɓarɓashi yana faɗowa, ga jan layi kamar an zuba shayi. A nan Akra kuwa iskar teku mai gishiri tana sa ƙarfe saurin tsatsa. Ya ce ginin da aka yi wa harsashin hawa ɗaya, idan aka ɗora masa nauyin hawa biyu ba tare da injiniya ya duba ba, to caca ce ake yi da rayuka. Mu ba magina ba ne, amma jan layin nan muna ganinsa kullum a saman kanmu lokacin darasin Fiƙihu.

Kada a ce tsoro ne na yara. A Nuwamban 2012 benen Melcom ya rushe a Acimota, nan cikin garinmu, mutane suka mutu. A Janairun 2017, a Breman Jamra da ke Yankin Tsakiya, ginin ajin ƙananan yara ya faɗo, yara shida suka rasu. Iyayensu da safe suka sallame su, kamar yadda namu suke sallamarmu.

Wuta ma haka. A Satumban 2019 gobara ta tashi da dare a wata makarantar Alƙur'ani a Paynesville, kusa da Monrobiya a Laberiya, ta ci yara sama da ashirin, kuma 'yan sanda sun danganta ta da matsalar lantarki. A Nuwamban 2021 a Maraɗi, azuzuwan zana suka kama da wuta, nan ma yara sama da ashirin suka tafi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. To, mu dubi namu. Tagoginmu duk da ƙarafuna saboda ɓarayi. Matakala ɗaya ce. Ƙofar waje kuma ana sa mata kwaɗo idan an fara karatu, don kada masu fashi su sulale. Mun fahimci dalilin, wasunmu ma sun taɓa sulalewar, gaskiya ɗaya ce. Amma makullin yana aljihun mutum ɗaya, wani lokaci ya fita sayen waakye. A ce soket ɗin da ke tartsatsi a ajin ƙasa ya kama labule a wannan lokacin, ta ina 'yan shekara biyar za su bi? Kuma motar kashe gobara, ko an kira 192, ba za ta iya shiga lungunmu ba, duk wanda ya san Maamobi ya san haka.

Akwai masu cewa ajali idan ya zo babu makawa. Haka ne, mun yi imani. Amma malaman nan namu su suka koya mana labarin mutumin da ya tambayi Manzon Allah (SAW) game da raƙumarsa, aka umarce shi ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali. Su suka koya mana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya yana cikin rassan imani. Ƙusar da ta fito daga benci abin cutarwa ce. Gansakukar da ke wurin alwala, inda wata ƙanwarmu ta zame ta fasa haɓa, ita ma haka.

Mu ma ba za mu wanke kanmu ba. Ledar fiya wata da muke jefawa a ƙaramar gota ta bakin ƙofa, ita ce ke toshe ta, ruwa ya dawo cikin fili ya jiƙa gindin bango. Muna ƙanana a ranar 3 ga Yuni 2015 da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle, aka rasa mutane sama da ɗari da hamsin, amma a gidajenmu har yanzu ana ba da labarin daren.

Abin da muke roƙon kwamitin makaranta ba shi da yawa. A dakatar da sabon benen har injiniya ya duba ginin, ko daga majalisar Ayawaso ta Arewa ko wani cikin 'ya'yan unguwa da suka karanci aikin. A cikin duk sidi goma da aka tara, a ware wani abu a asusun gyara, a riƙa karanta lissafinsa ranar taron iyaye. A cire kwaɗon nan, a sa babban ɗalibi ya tsaya a bakin ƙofa. Kuma a naɗa mutum ɗaya, da sunansa, wanda za a kai wa ƙara, domin yanzu idan mun gaya wa wannan malamin sai ya ce mu gaya wa wancan.

Namu ɓangaren mun riga mun fara. Mun sayi littafi mai bango mai kauri, mun zagaya aji-aji mun rubuta duk abin da ya lalace da ranar da muka gan shi. Tsagewar matakala ce a shafin farko. Mun kuma ɗauki alkawarin yashe gota kowace Asabar bayan la'asar, daga watan Maris, kafin ruwan Afrilu ya sauko. Littafin yana ofis, iyaye masu son gani su tambaya.