Ra'ayinmu: Gudun Lissafi Ba Mafita Ba Ne

Duk shekara, in lokacin zaɓen fanni ya zo, sai mu ga 'yan'uwanmu ɗalibai suna tururuwa zuwa tsara sadarwar kwamfuta, suna ƙyamar nazarin tafiyar da ayyuka, wai lissafinsa ya yi yawa. Wajibi ne mu ja kunnensu.

Nazarin tafiyar da ayyuka ya kafu ne a Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da masana irin su Patrick Blackett suka nuna wa sojoji da lissafi yadda za su ci moriyar ɗan abin da ke hannunsu. Mai wannan sana'a shi ke gaya wa kamfani motoci nawa za su wadatar da jigilarsa, wace hanya kuma ta fi arha.

Shi kuwa mai tsara sadarwa, sana'arsa ta bunƙasa ne bayan ARPANET ta haɗa cibiyoyi 4 a Amurka a 1969. Aikinsa a fili yake, amma na'urorinsa kan tsufa da wuri, sai ya yi ta sabunta karatu. Ban da haka, hanya mafi gajarta da saƙo zai bi, da dabarar da Edsger Dijkstra ya wallafa a 1959 ake gano ta. Wannan ma lissafi ne.

Saboda haka, kowa ya duba halinsa. Mai son warware matsala a takarda ya kama na farko, mai son taɓa na'ura ya kama na biyu. Amma wanda ya zaɓa don gudun lissafi, to, ya sani yana gaba yana jiransa.