Amurka: Lise ta haziƙai ko ta unguwa, zaɓin da ke hana uwayen Shikago barci

A watan Disamban 2023 hukumar ilimi ta Shikago, birni na uku mafi girma a Amurka, ta amince da wani ƙuduri da ke cewa lokaci ya yi da za a mayar da hankali kan makarantun unguwanni, a rage dogaro da makarantun da ake shiga ta hanyar gasa. Hankalin uwaye da dama ya tashi, har ta kai magajin garin, Brandon Johnson, wanda tsohon malamin makaranta ne, ya rubuta wa shugaban majalisar dattawan jihar Illinois wasiƙa a watan Mayun 2024, yana tabbatar da cewa ba za a rufe waɗannan makarantu ba. Ƙura ta ɗan lafa, amma tambayar da ke damun uwaye tana nan: a tura yaro lise mai suna da ke can nesa, ko a bar shi a wadda ke kusa da gida?

Amurkawa na kiran irin waɗannan makarantu da sunan maganaɗisu, saboda an kafa su ne domin su janyo ɗalibai daga kowace kusurwa ta gari. Tun asali batun unguwa ne ya haife su. A shekarun 1970 baƙar fata da farar fata na zaune a unguwanni daban-daban, makarantunsu ma a rarrabe suke, sai hukumomi suka yi tunanin buɗe makarantu masu inganci da za su sa ɓangarorin biyu su haɗu bisa son ransu. Ta farko a Shikago a matakin lise ita ce Whitney Young, da aka buɗe a 1975. A can Michelle Obama ta kammala karatu a 1981, kuma ta ba da labarin yadda takan kwashe kusan awa ɗaya da rabi a motar bas kafin ta isa makarantar daga unguwarsu da ke kudancin birnin.

Yau birnin na da lise 11 na gwamnati da ake shiga ta hanyar tantancewa, kuma karatu a cikinsu kyauta ne. Yaro mai shekara 13 zuwa 14 ne ke neman gurbi. Ana auna shi bisa maki 900: rabi daga sakamakon da ya samu a aji na bakwai, rabi daga jarrabawar shiga. To amma maki kaɗai ba ya yanke hukunci. Kimanin kashi 30 cikin 100 na gurabe ne ake bai wa waɗanda suka fi kowa maki a faɗin birnin. Sauran kashi 70 ana raba su daidai wa daida tsakanin rukunoni huɗu na unguwanni, daga rukuni na 1 na masu ƙaramin ƙarfi zuwa na 4 na masu hali. Ana tantance rukunin unguwa ne ta la'akari da kuɗin shigar mazaunanta, zurfin karatunsu, yawan masu gidan kansu, yawan gidajen da uwa ko uba shi kaɗai ke riƙe da yara, da makamantansu.

An ɓullo da wannan tsari bayan da wata kotun tarayya ta soke, a 2009, yarjejeniyar 1980 da ta bai wa birnin damar la'akari da launin fata wajen raba gurabe. Da aka rasa wannan hanya, sai adireshi ya maye gurbinta. Sakamakon haka, a makarantu irin su Walter Payton da Northside College Prep, ɗan unguwar masu hali na buƙatar makin da ke dab da 900, yayin da ɗan rukuni na 1 kan shiga da ƙasa da haka. Tsarin ya buɗe wa ƴaƴan talakawa ƙofa, sai dai unguwa yake aunawa, ba ya duba aljihun gidan da yaro ya fito. Mai kuɗin da ke zaune a unguwar talakawa ya ci riba, talakan da ke haya a unguwar masu kuɗi kuwa ya yi asara. Ofishin babban sufeton makarantun birnin ya sha bankaɗo iyalan da suka ba da adireshin ƙarya domin a saka ƴaƴansu a rukunin da ya fi sauƙi.

Wuri na biyu da unguwa ke shiga lissafi shi ne hanya. Makarantun da aka fi rububi suna tsakiyar birni ne ko arewacinsa. Akwai wasu masu tsauraran darussa a kudanci, kamar Lindblom a West Englewood da Brooks a Roseland, unguwannin da suka daɗe suna fama da talauci da harbe-harbe. Makin shigarsu bai kai na takwarorinsu na arewa ba, kuma da wuya iyalai farar fata su tura ƴaƴansu can. Ke nan uwaye na duba titin da yaro zai bi, da tashar da zai tsaya jiran mota bayan duhu ya shiga a lokacin sanyi, kafin su duba darussan da ake koyarwa. Fargabar tasu na da tushe. A 2009 an lakaɗa wa wani ɗalibi mai shekara 16 duka har lahira kusa da lise ta Fenger a Roseland, abin da ya ƙarfafa shirin Safe Passage, wanda ke jibge ma'aikata a kan hanyoyin makaranta safe da yamma. An faɗaɗa shirin a 2013, lokacin da aka rufe makarantu kusan 50 a tashi ɗaya, akasarinsu a unguwannin baƙar fata, yara suka koma ratsa yankunan da ba nasu ba.

To me yaro ke samu bayan duk wannan wahala? A nan binciken masana ya zo da abin mamaki. Lisa Barrow da Lauren Sartain da Marisa de la Torre sun kwatanta ɗaliban Shikago da suka shiga waɗannan makarantu da ƙyar da waɗanda suka rasa gurbi da ɗan maki kaɗan, wato yara masu ƙoƙari kusan ɗaya. A binciken da suka wallafa a 2020 ba su ga wani ƙari a makin jarrabawar waɗanda suka shiga ba. Ƴaƴan unguwannin talakawa ma sakamakonsu na aji ya ragu, damarsu ta shiga manyan jami'o'i ita ma ta ragu, domin wanda da zai zama zakara a makarantar unguwarsu ya koma tsakiyar aji ko ƙarshensa. Tun a 2014 wasu masana tattalin arziki, ciki har da Joshua Angrist da ya ci kyautar Nobel a 2021, sun samu sakamako mai kama da wannan a Boston da New York: haziƙan yaran ne suka shigo da hazaƙarsu.

Sai dai binciken na Shikago ya gano wata riba guda. Ɗaliban da suka shiga sun ce sun fi samun kwanciyar hankali da tsaro, kuma zamansu da abokan karatu ya fi daɗi. A ganina wannan ne asalin abin da uwaye ke nema, ko da bakinsu na ambaton jami'a da lissafi da kimiyya. Uwar da ta yarda ɗanta ya fita tun da asuba tana nema masa wurin da zai yi karatu ba tare da tsoro ba, cikin yaran da ba za su yi masa dariya don ya ɗauki littafi ba. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki, kuma ba wanda zai ga laifinta.

Masu bibiyar lamuran Faransa sun san wannan muhawara. A 2021 an yi wa tsarin Affelnet na raba ɗalibai a lise-lisen Paris garambawul: ana ƙara wa yaro maki gwargwadon halin zaman jama'ar kolejin da ya fito, ana kuma fifita masa lise biyar da ba su wuce tafiyar minti 25 ba. A 2022 aka shigar da Louis-le-Grand da Henri-IV cikin tsarin, bayan sun daɗe suna zaɓen ɗalibansu da kansu. Paris ta saka tsawon tafiya cikin lissafi tun daga farko, Shikago kuwa ta bar wa uwaye wannan nauyi, kuma wanda ba shi da mota ko lokacin raka yaro shi ya fi jin jiki.

Hukumar ilimin Shikago ta gano ciwon: lise 11 ba za su wadaci birni mai ɗalibai sama da dubu 300 ba, kuma duk haziƙin da ya bar unguwarsu ya ƙara raunana makarantar da ke can. Amma rage wa makarantun haziƙai ƙarfi kafin a gyara na unguwanni zai fi cutar da talaka, tunda mai hali na iya komawa makarantar kuɗi ko ya ƙaura zuwa bayan gari. Tun daga zaɓen Nuwamban 2024 jama'a suka fara zaɓen wasu daga cikin mambobin hukumar da kansu, don haka yanzu uwaye na da bakin magana. Kafin nan, uban da ke cika takardar neman gurbi zai fi amfana idan ya bi hanyar makarantar da ƙafarsa a daidai lokacin da ɗansa zai riƙa bin ta, ya ƙirga awannin barcin da tafiyar za ta cinye, sannan ya tambayi kansa ko yaron nasa irin wanda gasa ke zaburarwa ne ko irin wanda take karya wa gwiwa.