Zafin bazara: Hasashe kaɗai bai wadatar ba

Daga Maris zuwa Mayu, kafin damina ta sauka, zafi kan haura digiri 40 a Sakkwato, Kano da Maiduguri, kuma a lokacin ne sanƙarau ke ƙamari. Hukumar NiMet na fitar da hasashen shekara tun da wuri, tana kuma gargaɗi idan zafi zai tsananta. Sai dai sau da yawa gargaɗin ba ya kaiwa ga ɗan dako a Kantin Kwari.

Birnin Ahmedabad na Indiya ya haɗa hasashe da aiki tun 2013: da zarar an yi gargaɗi, asibitoci su kintsa, a tanadi ruwan sha. Jihohinmu na buƙatar irin wannan tsari, da sanarwa a rediyo cikin harshen jama'a, tun kafin bazara mai zuwa.